Kalangu da Fiyano: Abin da Ya Raba Kunnen Uba da na Ɗa

Mahaifin Mamman Shata bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba. Gidansu a Musawa ba gidan kiɗa ba ne, kuma a wancan zamani duk wanda ya ɗauki roƙo bai gada ba, ya jawo wa danginsa abin faɗa. Shata ya fara ne a dandali da waƙoƙin asauwara, kiɗan samari da 'yan mata, irin wanda dattijo ke jiyowa daga zaure ya ja tsaki. Mutumin da a yau ake kafa hujja da shi duk lokacin da za a yi wa mawaƙan zamani faɗa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, shi ma an taɓa kiran abin da yake yi shirmen yara.

Akwai masu jin wannan su ce to magana ta ƙare, kowane tsoho da irin kukansa, gobe ma na yau za su yi nasu. Ni ban gamsu da wannan ba, don ya yi sauƙi da yawa. Tsakanin kunnen da ya tashi da kotso da wanda ya tashi da fiyano akwai abin da ya sauya na haƙiƙa, kuma ya fi ƙarfin tsufa da ƙuruciya. Aikin da ake so waƙa ta yi ne ya sauya, wurin da ake jin ta ya sauya, mai biyan kuɗinta ma ya sauya.

Dattijon da ya girma da Rediyon Kaduna a kunne, idan ya ce waƙa ta yi daɗi, galibi magana yake nufi. Yana bin yadda Narambaɗa zai ɗauko Sarkin Gobir na Isa, ya jero masa kakanni, ya kambama shi har ya kai shi inda ba a kaiwa, sannan ya karkace ya zabga wa wani ɗan sarki mai hanƙoron gado zambo, bai kama suna ba, amma duk wanda ke fadar ya san da wa ake. Daɗin yana cikin ganewar. Waƙar Musa Ɗanƙwairo, ko Sa'idu Faru, ko Salihu Jankiɗi, sai ka san wa ya nemi sarauta ya rasa, wane gida ne ke takun saƙa da wane, me ya sa aka kira wannan giwa aka kira wancan dila. Shi ya sa tsofaffi ba sa jin irin waɗannan waƙoƙi da baki a rufe. Ana ji ana tsayar da kaset, wani ya fassara, wani ya ce ba haka ba ne, a yi musu, a mayar baya a sake ji. Rabin nishaɗin a musun yake.

Yaron da aka haifa a Kano ko Kaduna bayan shekarar 2000, idan ka sa masa Narambaɗa, katanga biyu zai tarar. Ta farko harshe: Hausar Gobir da Zamfara ta da, wadda ko malamin jami'a sai ya nemi tsofaffin yankin su warware masa wasu kalmomin. Ta biyu duniyar da waƙar ke magana a kanta. Bai san mutanen ba, bai san rigimar ba, kuma ba shi da gurbi a cikinta. Idan ya ce bai ji komai ba, gaskiyarsa ya faɗa, kuma rashin tarbiyya bai shigo nan ba. Sai dai shi ma idan ya ɗauka cewa tunda bai ji ba to babu abin ji, ya cuci kansa.

A dubi yadda ake gina waƙar. Ƙungiyar makaɗan fada tana da jagora, da 'yan amshi, da masu kiɗa, da sanƙira mai cusa kirari a tsakani. Akwai gindin waƙa wanda ake komawa gare shi, akwai ɗiya da ake jerawa, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara bayaninsu a nazarce-nazarcensa. A gidan su Ɗanƙwairo jagora kan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa masa da murya ɗaya, ba wanda ya riga wani. Wannan ba ya samuwa sai mutane sun shekara da shekaru suna kwana suna tashi tare. Salon Shata daban ne: amshinsa gajere, ana maimaita shi, shi kuwa yana zuba magana nan take, ya ga mutum ya shigo fage ya saka shi a waƙa kafin ya zauna. Ɗan Maraya Jos kuma shi kaɗai da kuntiginsa, ba amshi ba rakiya, yana ba da labarin karen mota ko rigimar miji da mata yana sauya murya. Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su: a gaban mutane ake yi, kuma idan ka yi tuntuɓe kowa ya gani.

Kiɗan kansa magana ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma makaɗin kalangu yana matse igiyoyin da hammatarsa ya saki, fatar ta ɗaga murya ta sauke, har ta faɗi abin da mai kunne zai fassara kalma bayan kalma. Mahauci ya san takensa, ɗan dambe ya san nasa, manomi ya san nasa. Saboda haka karin waƙar baka daga cikin maganar yake fitowa. Inda kalma ta hau, murya ta hau, inda wasali ya yi tsawo, a ja shi.

A nan ne, a ganina, ainihin saɓanin kunne yake, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. A situdiyo sau da yawa kari ne ke zuwa da farko, kalmomi su biyo baya a cusa su. Idan karin na aro ne, daga fim ɗin Indiya ko wani wuri, ba ruwansa da hawa da saukar Hausa. Sai a ja wasalin da gajere ne, a danne gaɓar da ya kamata ta ɗaga. Dattijo yana jin wannan kamar ana yi masa gwaranci, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba, sai dai ya ce waƙar ba ta da gishiri. Yaron da ya buɗi ido a cikinta bai jin wata karaya, don shi kari yake bi, kalmomin rakiya suke yi.

Ga wani abin da ya kamata a lura da shi. Shata bai damu da ƙafiya ba, Narambaɗa ma haka. Daidaita ƙarshen baiti aikin marubuta ne, su Aliyu Namangi mai Imfiraji, da Mu'azu Haɗeja, da Aƙilu Aliyu. Mawaƙin zamani kuwa zama yake ya rubuta, a takarda ko a waya, baiti-baiti, kowane layi ya ƙare da harafi ɗaya. Ta fuskar siga ke nan ya fi kusa da Aƙilu fiye da Shata, ko da bai taɓa karanta shi ba. Bambancin shi ne Aƙilu yana da rumbun kalmomi da zai zaɓa ya darje, ƙafiya tana yi masa biyayya. Wanda rumbunsa bai cika ba, ita ke jan sa. Sai ya jawo kalmar da ba ta da aiki a wurin don kawai ta ƙare da "ya" ko "na", shi ya sa za ka ji waƙa goma a jere suna zagaye zuciya da ƙauna da rayuwa da masoyiya. A wannan gaɓar tsofaffi suna da gaskiya, kuma ba na jin akwai amfanin ɓoye ta. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wanda ya zauna ya saurari Nura M. Inuwa da kyau, ko Aminu Ala, ya san akwai masu auna kalma kafin su ajiye ta.

Inda tsofaffi ke zamewa shi ne wajen cewa yaran yanzu ne suka jajibo baƙon kiɗa. Su wa suka cika gidajen silima na Kano, su Plaza da Orion, suna kallon finafinan Indiya tun shekarun 1960 da 1970? Su wa suka haddace waƙoƙin ba su jin kalma ɗaya? Samarin wancan lokaci su ne kakannin yau. Tun a zamaninsu Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin Indiya ya ɗora a gogensa. Masu bege ma ba a bar su a baya ba: a Kano an yi ƙungiyoyin mandiri irin su Ushaƙu Indiya, masu ɗaukar karin waƙar fim su zuba masa yabon Annabi (SAW), abin da Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi rubutu a kai. Lokacin da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, ƙasar a jiƙe take. Abin da ya rage kawai kayan aiki, sai ga fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a ɗaki ya fitar da sautin ganga da sarewa da goge da yatsunsa. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, kuma a daidai wannan tsakanin ne waƙar fim ɗin Sangaya ta cika gari, daga shagon mai kaset har gidan biki. Ba wanda ya tsara haɗuwar, amma ta zama kamar iyaka.

To me matasa suka samu a nanaye, wato waƙar fiyano ta finafinai, da har suka rungume ta haka? Sun samu bakin faɗin abin da kunya ta hana. Ba wai tsofaffin mawaƙa ba su taɓa soyayya ba. Haruna Uji ya yi wa mata waƙoƙi da gurminsa, 'yan mata kuma suna da na gaɗa a dandali. Amma babbar waƙa, wadda ake ji da ita, ta sarki ce, ko attajiri, ko jarumi, ko sana'a. Namiji ya fito fili ya ce ya kasa barci saboda yarinya, mace ta amsa masa da muryarta a waƙa ɗaya, wannan sabon abu ne. Ya zo ne tare da littattafan soyayya na Kano, zamanin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, lokacin da 'yan makaranta suka fara gardama da auren dole. Dandali kuma yana mutuwa a birane, an yi gini a filin, malamai sun yi wa'azi a kansa, iyaye sun daina barin 'ya'ya mata fita da dare. Waƙar fada tana cewa ga wane, ɗan wane, ku dube shi. Ta nanaye tana cewa ga ni, ga abin da ke damuna. Matashin da ba ɗan kowa ba, a ta biyun ya ji an ambace shi.

Duk mai hawa motar haya a hanyar Kano zuwa Katsina ya sha ganin yadda abin ke kasancewa. Direba matashi ya sa memori, Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker na tashi, dattijon da ke gidan gaba ya yi haƙuri har a wuce Bichi, sannan ya gyara zama.

"Direba, don Allah ɗana, ba ka da Ɗanƙwairo a cikin abin nan?"

"Akwai, Baba. Amma wallahi in na sa shi barci zai ɗauke ni, ga rayukan mutane a hannuna."

Sai mota ta ɗauki dariya, wata uwa a baya ta ce a sa wa'azi kowa ya huta. Sau da yawa a kan Naziru Sarkin Waƙa ko Ala ake sasantawa, don su biyun da fiyano suke aiki amma zubin yabonsu na fada ne. Ba banza ba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru sarautar Sarkin Waƙa a 2018. Abin lura a maganar direban shi ne, shi kiɗan da zai motsa masa jiki yake nema, Baba kuwa zancen da zai tauna.

Sai batun tarbiyya, wanda a kansa aka fi ɗaga murya kuma aka fi rashin adalci. Wanda ya ce mawaƙan da ba su yi batsa ba, ko dai bai ji su ba, ko ya zaɓi mantawa. Shata ya yi wa giya waƙa, Gagarabadau kuma ba waƙar da za ka sa a gaban surukinka ba ce. Goge ya daɗe yana shan suka daga malamai saboda wuraren da ake kaɗa shi. 'Yan gambara a kasuwa bakinsu ba linzami. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada, idan ƙwarya ta yi zafi a cikin gida, abin da ake faɗa wa kishiya da ragon miji ba na kunnen yara ba ne. Amma fa a cikin gida ne. Amada ta mata ce, a bayan katanga, maza suna waje. Goge yana da unguwarsa, dambe yana da fagensa, fada tana da ranarta. Kowane kiɗa da shingensa, kuma wanda ya je ya san inda ya je.

Wayar hannu ce ta rushe shingayen. Ado Gwanja, da ake wa laƙabi da Limamin Mata, in ka cire fiyanon, jikan masu amada ne: habaicin nan ne, zugar nan ce, mata ne dai masu rawar. Da waƙoƙinsa Warr da Chass suka fito a 2022 aka yi ta ce-ce-ku-ce, abin da ya tayar da hankali shi ne abin da uwa ta yi a tsakar gida cikin 'yan uwanta mata, 'yarta tana yin sa a gaban kyamara, ta ɗora a TikTok, limamin unguwa da ƙanin mahaifinta duk su gani. Ko a 2016 da ƙungiyar masu shirya finafinai ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar ClassiQ, ba wanda ya tsaya kan kari ko kalmomi. Hoton aka hukunta. Hukumar tace finafinai ta Kano, tun kafa ta a 2001, yawancin rigimarta da mawaƙa a kan rawa da sutura da siyasa ne. Damuwar iyaye a nan tana da tushe, ban raina ta ba. Sai dai a kira ta da sunanta, a daina cewa Hausawan da ba su san wannan harka ba.

Haka zancen kuɗi. Ana cewa mawaƙan yanzu 'yan neman abin duniya ne, kamar su Jankiɗi don Allah suke yi. Makaɗin fada yana da ubangida mai ba shi doki da riga da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aljihun fada ya rage nauyi, mawaƙa suka bi kuɗi inda ya koma: 'yan kasuwa, sojoji, 'yan siyasa. Shata kansa ya yi wa duk waɗannan. Dauda Kahutu Rarara da waƙoƙinsa na zaɓe, da Ali Jita da na amare, wannan layin suka biyo. Yabo bai mutu ba ko kaɗan. Abin da ya mutu shi ne zaman. Makaɗin da ya yi shekara talatin a ƙofar gida ɗaya ya san tarihin gidan ciki da waje, ya san abin da ke faranta wa ubangidansa da abin da ke ci masa rai, don haka yabonsa yana da nama. Na yau ana aiko masa da sunaye ta waya ranar Litinin, biki Asabar: sunan amarya, na ango, na uwar biki, na ƙawaye. Ko Narambaɗa aka ba wannan aikin, iyakar abin da zai iya ke nan.

Akwai kuma rukunin da ba a cika sakawa a lissafi ba, wato na tsakiya. Waɗanda suke 'yan sakandare lokacin Sangaya da Wasila yanzu su ne iyaye. Ka shiga Facebook ka ga yadda suke yaɗa waƙoƙin Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar da Maryam Sangandale, suna kiran su tsofaffin waƙoƙi masu ma'ana, suna kukan cewa yaran yanzu sun lalata harka. Waƙoƙin da iyayensu suka kashe musu rediyo a kansu ke nan. Su ne kuma, da Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta fito a 2020 ana zaman kullen korona, suka rabu biyu, wasu na rawa a falo, wasu na Allah wadai. Abin da ke ruɗin kowane rukuni shi ne, na baya an riga an tace shi. Zamanin Shata ma an yi mawaƙa barkatai waɗanda ba wanda ya ɗauki muryarsu, ko an ɗauka ba wanda ya adana. Mai gwada tsohuwar waƙa irin Bakandamiya da duk abin da ya fito a YouTube wannan makon, yana gwada garin da aka tankaɗe ne da hatsin da ko sussuka ba a yi masa ba.

Masu gambarar zamani, su ClassiQ da Morell da DJ AB, su ne suka fi nisa da kunnen dattijo, ga Turanci a gauraye, ga kiɗan Legas da Amurka. Amma abin da suke yi da baki, wato kirarin kai, da gugar zana ga abokin hamayya, da wasa da harshe cikin sauri, ya fi kusa da tsohuwar waƙar maza fiye da nanaye. Da dattijo zai daure wa kiɗan na minti uku, zai gane cika-bakin.

Asarar da ta fi damuna ba ta kan zaɓin saurare ba ce, don faifan su Shata suna nan, yanzu ma sun fi sauƙin samu fiye da zamanin kaset. Ta hannu ce. Fiyano zai kwaikwayi sautin kotso, amma ba zai koya wa yaro yadda ake ɗaure fatarsa ba, ko yadda ɗan amshi ke sanin inda jagora zai saki magana tun kafin ya sake ta. 'Ya'yan gidajen kiɗa da yawa sun kama wata sana'a, waɗanda suka rage kuma gayyatarsu ta ragu, don mai biki ya gwammace ya ɗauko DJ da lasifika biyu da ya ciyar da ƙungiyar mutum goma.

Inda kiɗan hannu ya tsaya da ƙafarsa shi ne inda har yanzu yake da aikin da na'ura ba ta iya yi. A hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Damagaram, tambari da kakaki da algaita ne ke gaban sarki, kuma matasan da ke ɗaga wayoyi suna ɗauka ba su taɓa cewa a kawo fiyano ba. A fagen dambe ma haka. 'Yan kallo yawancinsu samari ne, ana ɗaukar wasan ana ɗorawa a intanet, amma idan ɗan dambe zai shiga, sai makaɗi ya dube shi ya kaɗa masa takensa, irin aikin da Ɗan Anace ya yi wa Shago, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar, har tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kirari. Idan abokin karawar ya sauya, take ya sauya nan take. A wurin za ka ga mai furfura da ɗan shekara ashirin a benci ɗaya, kuma in makaɗin ya yi kuskuren take, tare suke yi masa ihu.